Awon Matsin Ruwa da na Iska, Daga Fadamar Bagudo Zuwa Asibitin Malanbil

Duk wanda ya tashi a ƙasar Bagudo, can kudu maso yammacin Jihar Kebbi, inda kogin Kwara yake baro tsakanin Nijar da Binin ya kwararo cikin Nijeriya, ko Illo ce garinsu, ko Lolo, ko Tsamiya, ko Ka'oje, ya san tun yana ƙarami cewa abu guda yana iya zama da lissafi biyu, domin yana iya cin kasuwa da naira da hantsi, kafin la'asar ya ƙetara Madekali ko Segbana ya shiga ƙirgar sefa, kuma wannan bai taɓa ruɗa ko da yarinya mai talla ba. Amma akwai wani lissafin biyu wanda ya fi na kuɗi hatsari, alhali kuwa waɗanda suka san sirrinsa kaɗan ne, shi ne na awon jini. Idan ma'aikacin lafiya a wannan ɓangare na iyaka ya ɗaura wa mutum ƙyallen nan a damtse, ya hura, ya saurara, sai ya rubuta masa 140/90 a kati, ya ce jininsa ya fara hawa. Idan kuwa mutumin ya tafi Malanbil ta ƙasar Binin fatauci, ciwon kai ya kai shi gaban likitan can, wanda ya yi karatunsa bisa tsarin Faransa, to, abin da zai ji shi ne 14/9, har ya komo gida da murna, yana zaton ciwo ya yi sauƙi ninki goma, alhali ko ƙwayar zarra bai ragu ba.

Sababin wannan saɓani ba shi da wuyar faɗa, domin likitocin biyu abu ɗaya suke ƙirgawa, watau tsawon da zaiba take hawa a cikin wani siririn bututun gilashi, illa iyaka na Nijeriya yana ƙirgawa da milimita, na Binin kuwa da santimita, kowane santimita kuwa milimita goma ne. Sai dai mai nazari ba zai tsaya nan ba, zai ce, ina ruwan jinin ɗan Adam da hawan zaiba, kuma ta wace hanya ƙarfin da zuciya take tura jini da shi, abin da ba a gani ba a taɓawa, ya zama abin da ake faɗar miƙidarinsa da tsawo? Amsar tana cikin wata na'ura da masana ke kira manomita, ma'aunin matsi, wadda da wuya a sami na'urar da ta fi ta sauƙin ƙira, kuma wadda ƙa'idarta take aiki kullum a ƙasar Bagudo, a hannun magini da manomin fadama da mai faci da ungozomar asibiti, ko sun san sunanta ko ba su sani ba.

Farkon abin da ya wajaba a fahimta shi ne matsin kansa. Sarkawa da sauran masuntan Kwara, waɗanda nutso ya zame musu sana'a, sun san cewa gwargwadon nisan da mutum ya yi a ƙarƙashin ruwa, gwargwadon zafin da kunnuwansa za su yi masa, kuma ba faɗin kogin ne yake jawo haka ba, domin wanda ya nutsa gaba biyu a tsakiyar Kwara lokacin cikarta, da wanda ya nutsa gaba biyu a cikin ƙuntatacciyar rijiya, abin da kunnuwansu za su ji ɗaya ne. Abin da yake danna kunnen shi ne nauyin ruwan da ke bisansa, hisabinsa kuwa ba ya bukatar malami. A ƙaddara an sami bututu wanda faɗin bakinsa murabba'in santimita ɗaya ne, aka tsayar da shi mita 10, aka cika shi da ruwa. Ruwan da zai ci lita ɗaya ne cif, nauyin lita ɗaya na ruwa kuwa kilo ɗaya ne, saboda haka a zurfin mita 10 kowane murabba'in santimita yana ɗauke da kilo ɗaya, a mita 5 rabin kilo, a mita ɗaya giram 100. Da za a faɗaɗa bututun ninki ɗari, da ruwan ya zama kilo 100, amma filin da yake zaune a kai shi ma ya ƙaru ninki ɗari, sai rabon kowane murabba'i ya tsaya inda yake. Wannan rabon shi ake nufi da matsi, kuma abu biyu kaɗai suke hukunta shi, zurfin ruwan da kuma nauyin irin ruwan. Ba ƙasa kaɗai yake dannawa ba, har gefe da sama, shi ya sa jarkar da ta huje kusa da gindi take tsartuwa da ƙarfin da wadda ta huje kusa da wuya ba ta yi.

Magina suna cin moriyar wannan ƙa'ida a duk lokacin da suka so daidaita tsawon kusurwoyin gini. Sai birkila ya ɗauko dogon tiyo mai haske, ya cika shi da ruwa, ya kori kumfar iskar da ke ciki, ya riƙe baki ɗaya a nan, yaronsa ya riƙe ɗayan a can ƙarshen gini, kuma ko yaya tsakiyar tiyon ta nannaɗe a ƙasa, ko ta bi bayan tarin bulo, inda ruwan ya tsaya a baki biyun nan tsawonsa ɗaya ne, domin da wani ɓangare ya ɗara ɗan'uwansa, da matsinsa a ƙasa ya rinjaya, ya tura ruwan har su daidaita. Shehin malamin nan Abu Raihan al-Biruni, wanda ya rayu shekara dubu da suka wuce, da wannan hujja ya bayyana yadda ruwa yake ɓuɓɓugowa sama daga marmaro, cewa tushensa yana wani wuri mafi tudu, yana neman komawa daidai da shi ne.

To, yanzu a ɗauki guntun tiyon maginin nan, a lanƙwasa shi ya zama siffar harafin U, a kafe shi a jikin katako a tsaye, a zuba ruwa zuwa rabi, sa'an nan mutum ya sa baki a ɓangare ɗaya ya hura a hankali. Nan da nan ruwan da ke wajensa zai sauka, na ɗaya ɓangaren ya hau, har ya kai wani matsayi ya tsaya. Idan kuwa aka sa ma'auni aka ga tazarar da ke tsakanin kawunan ruwan biyu santimita 30 ce, to, an sami tahƙiƙin cewa numfashin mutumin yana danna kowane murabba'in santimita da giram 30 fiye da yadda iskar waje take dannawa. Idan ya zuƙa maimakon hurawa, al'amarin ya juya, ruwan wajensa ya hau. Iyakar manomita ke nan. Mizani ce mai tafuka biyu, a tafi ɗaya an ɗora matsin da ba a gani, a ɗayan kuwa ruwan da kansa yake ta ƙaruwa har ya yi daidai da abin da aka ɗora, mai awo ba shi da wani aiki sai karanta tsawo. Ba mamaki ba ne da ya kasance harsashin wannan ilmi yana cikin aikin masu mizani na da, irin su Abdurrahman al-Khazini, wanda ya kammala littafinsa Mizanul Hikma a birnin Marwa wajen shekarar 1121, ya jera nauyin ƙarafa da ruwaye idan an gwada su da ruwan sha, har da zaiba, da adadin da ya yi kusa ƙwarai da wanda ake aiki da shi yau, kuma ya tabbatar da cewa iska ma tana da nauyi. Ni dai a ganina darajar wannan na'ura tana nan ne, cewa babu wani ɓoyayyen ƙarfe a cikinta da zai gaji, babu batir da zai mutu, hujjarta a fili take gaban idon mai ilmi da marar ilmi, gani kuwa ya kori ji.

Hikimar mai awo tana bayyana wajen zaɓen ruwan da zai zuba. Idan matsin ƙarami ne, ruwan sha ya wadatar, alal misali gas ɗin girki, wanda bayan ya fito daga kan da ake ɗaura wa tukunyarsa matsinsa bai wuce wajen santimita 30 na ruwa ba. Masu haɗa bututun gas sukan jona manomita, su rufe tukunya, su zuba ido, idan ruwan ya tsaya cik babu yoyo, idan kuwa yana sauka sannu a hankali, akwai kafar da hanci bai riga ya ji ba. A ɗakunan jarirai na asibitoci da yawa akwai wata dabara mai ban sha'awa ta taimakon bakwainin da numfashi yake yi masa wuya, inda ake tsoma ƙarshen bututun iskarsa cikin kwalbar ruwa, in an tsoma shi santimita 5, to, matsin da ke riƙe huhun jaririn a buɗe santimita 5 ne na ruwa, ba ƙari ba ragi. Idan matsin ya ƙanƙanta har ido ba ya iya rarrabe motsin ruwan, sai a kishingiɗar da bututun, ta yadda sai ruwa ya yi tafiyar santimita 10 a cikinsa kafin ya hau santimita ɗaya, motsin ya bayyana ninki goma. Idan kuwa matsin babba ne, sai a koma ga zaiba, wadda ta fi ruwa nauyi sau 13.6, har ya zama abin da zai ɗaga ruwa mita ɗaya da santimita 36, santimita 10 kacal zai ɗaga ta. Saboda haka faɗar tsawo ba tare da faɗar irin ruwan ba magana ce ragaggiya, domin mita ɗaya na fetur bai fi kimanin santimita 75 na ruwa dannawa ba.

Awon matsin ruwa da kansa ya fi na iska sauƙi, domin sau da yawa ruwan da ake aunawa shi ne ma'aunin. Siririn tiyon da ake jonawa a gindin tanki a miƙe shi sama a gefensa, don a san inda ruwa ya tsaya a ciki, manomita ne; haka nan bututun da injiniyoyi suke kafawa a jikin manyan madatsun ruwa, irin na Kainji da aka gama a 1968 a can ƙasa da mu a kan wannan kogi, don su riƙa lura da matsin ruwan da ke ratsa ƙasa a ƙarƙashin gini. In ana so a san ko matata ko wani sashe na bututun ruwa ya toshe, sai a jona bakin manomita ɗaya kafin wurin, ɗayan bayansa, tazarar zaiba ta nuna ƙarfin da ya salwanta a tsakani. Sai dai a nan akwai wata daƙiƙar mas'ala da ɗalibai suke yawan tuntuɓe a kanta, cewa tun da ruwa yana kwance bisa zaibar a ɓangarorin biyu, da 12.6 ake ninkawa, ba da 13.6 ba. Har gudun kogi ana aunawa ta haka. A 1732 wani Bafaranshe mai suna Henri Pitot ya tsoma lanƙwasasshen bututu a kogin Sen na birnin Paris, ya fuskantar da bakinsa ga ruwa mai tahowa, ya ga ruwa ya hau cikinsa ya ɗara fuskar kogin; ruwan da ke gudun mita ɗaya a daƙiƙa yana hawa kimanin santimita 5, mai gudun mita biyu kuwa santimita 20, kuma da jikan wannan bututu jiragen sama suke sanin saurinsu har yau.

Duk awon da muka ambata zuwa yanzu rara ce kawai a kan matsin iskar da ke kewaye da mu, domin ɗaya bakin bututun a buɗe yake, iska tana danna shi. To, ita kanta iskar, nawa ne matsinta? Manoman rani sun fi kowa cancantar sanin amsar, domin ita ce alƙalin da ke tsakaninsu da injinsu. Tun da noman shinkafa na rani ya bunƙasa a Jihar Kebbi, musamman bayan shirin rancen manoma da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi cikin watan Nuwamba na 2015, fadamu suka cika da ƙananan injunan ban-ruwa, waɗansu suna sha daga kogi, waɗansu daga 'yan rijiyoyin bututu da ake hudawa a cikin gona. Kwara a wannan yanki tana kawo ruwa sau biyu, na farko ruwan daminar kusa, na biyu wanda ya taso tun daga duwatsun Gini, ya yi jinkiri a fadamun Mali, bai iso ba sai da sanyi. Amma idan bazara ta kama, wannan ma ya wuce, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ja da baya, sai ka ji manomi yana cewa inji ya ƙi ja, ya ɗauke shi zuwa wurin makaniki, a canja wannan a canja wancan, wani ma ya ci bashi ya sayo wanda ya fi girma, shi ma ya ƙi, shinkafa kuwa tana nan tana bushewa.

Irin wannan mas'ala ta taɓa damun masu famfo a ƙasar Italiya, har Galiliyo ya ambata a littafinsa na 1638 cewa famfo mai zuƙa ba ya ɗaga ruwa fiye da kamu 18 na awonsu, watau kimanin mita 10, ko da wane gwani ne ya ƙera shi. Almajirinsa Toriceli ne ya warware ta wajen 1643, yayin da aka ɗauki bututun gilashi mai tsawon kimanin mita ɗaya, rufaffe ta baki ɗaya, aka cika shi da zaiba, aka toshe bakin da yatsa, aka kifa shi cikin kwanon zaiba, aka janye yatsan. Sai zaibar ta sauko kaɗan ta tsaya a wajen santimita 76, ta bar sarari a samanta wanda babu ko iska a ciki. Toriceli ya yi istidlali da cewa babu abin da ke jan zaibar daga sama, nauyin iskar duniya ne da ke danna fuskar kwanon yake riƙe da ita. Duk wanda ya ninka 76 da 13.6 zai sami santimita 1,033, watau mita 10 da ɗan ɗoriya, daidai iyakar da masu famfo suka yi ta karo da ita. A 1648 Paskal ya ƙara wa hujjar ƙarfi, ya sa mijin yayarsa ya hau dutsen Puy de Dôme na Faransa da irin wannan bututu, aka ga zaiba ta sauka fiye da santimita 8 a ƙwanƙolin dutsen, saboda iskar da ta rage a bisa ta yi ƙaranci. Da za a kai shi Jos, da bai wuce wajen santimita 66 ba.

Fa'idar wannan ga manomin Bagudo babba ce. Haƙiƙa inji ba ya jan ruwa, iyakar aikinsa ya rage matsin da ke cikin tiyo, iskar waje kuma ta turo ruwan ya hau, ƙarfin iskar nan kuwa Allah ya yi masa haddi, mita 10 da ɗan ɗoriya, a aikace ma ba a samun fiye da mita 7 ko 8, saboda gogayyar ruwa da jikin tiyo, da ɗumin ruwan, da 'yar iskar da ke satar shiga ta mahaɗa. Saboda haka idan ruwa ya yi nisa, sayen babban inji asarar dukiya ce. Magani shi ne abin da tsofaffin hannu suke yi, su haƙa rami a gefen rijiyar su saukar da injin kusa da ruwa, su ɗaure kowace mahaɗa da roba tamau, kuma su tuna cewa abin lura shi ne tsayin da ke tsakanin fuskar ruwa da inji a miƙe, ba tsawon tiyon da ke kwance ba. Rijiyar burtsatse mai zurfi kuwa sai da famfon da ake zurawa cikin ruwan ya turo shi daga ƙasa, domin turi ba shi da wannan haddi.

Mu koma ga jini. Wani limamin coci a Ingila, Stephen Hales, ya wallafa a 1733 yadda ya jona dogon bututun gilashi da jijiyar wata goɗiya, jini ya hau ƙafa 8 da inci 3, kusan mita biyu da rabi, yana ɗagawa yana sauka tare da bugun zuciyarta. A 1828 Poiseuille a Paris ya musanya wannan dogon bututu da gajeren manomita na zaiba, daga nan milimitar zaiba ta zama harshen likitoci. Sai a 1896 Riva-Rocci na Italiya ya fitar da hanyar da ba ta bukatar yanka, watau a naɗa wa damtse jakar iska, a hura ta har ta matse jijiya jini ya daina wucewa, ita jakar kuwa a jone take da bututun zaiba. Ashe iskar jakar ake aunawa, ita take tsayawa shaida a kan jinin. A 1905 wani likitan sojan Rasha, Korotkof, ya cika aikin, ya nuna cewa in an sa abin saurare a gwiwar hannu ana sakin iskar sannu sannu, inda aka fara jin bugu shi ne adadin sama, lokacin da zuciya ta matsa, inda sautin ya ɓace kuma shi ne na ƙasa, lokacin da take hutawa tsakanin bugu da bugu. Mutumin da aka ce masa 120, ma'anarsa zuciyarsa tana iya ɗaga ruwa kimanin mita ɗaya da santimita 60.

Tun da jini ruwa ne, hukuncin zurfi yana kansa kamar kowane ruwa, kuma hannun da aka bari yana reto santimita 10 ƙasa da zuciya yana ƙara wa awo milimita 7 ko 8 na ƙarya. Don haka ne ake so mai awo ya zauna ya huta minti biyar, ya jingina bayansa, ya ɗora hannu bisa tebur daidai da ƙirji, ya yi shiru, kuma kada ya kasance yanzu ya gama cin goro ko shan taba. Ina roƙon magidanta na garuruwan iyaka, waɗanda matansu suke zuwa awon ciki wani lokaci a nan wani lokaci a ƙetare, su riƙe wannan da kyau: adadin katin Binin a ƙara masa sifiri. Mai cikin da aka rubuta mata 14/9 tana bukatar kulawar likita, wadda aka rubuta mata 16/11 kuwa, watau 160/110, ba ta kwana a gida, domin jijjiga tana iya afka mata ita da abin da ke cikinta, kuma hawan jini ya saba zuwa ba tare da sallama ba, mutum yana jin kansa garau.

Akwai matsin da ya fi ƙarfin kowane bututu. Iskar tayar ƙaramar mota tana daidai da ruwa mai tsayin kusan mita 22, ta babbar motar da ke ɗaukar albasa ko shinkafa kuwa ta kai mita 70 ko 80, babu mai facin da zai kafa irin wannan a bakin titi. Eugène Bourdon ya yi maganin wannan a 1849 da wani lanƙwasasshen bututun ƙarfe mai toshe a ƙarshe, wanda yake neman miƙewa idan matsi ya shige shi, motsinsa kuma ya juya allura a kan fuska mai lambobi. Shi ne cikin yawancin gejin da ake gani a jikin injin hura taya da tukwanen iskar asibiti, kuma a nan ma iyaka ta raba lissafi, abin da mai faci a Bagudo zai kira 32, takwaransa na Kandi zai ce kilo biyu da ɗan kai. Gejin tukunyar iskar numfashi yana faɗar abin da ya rage a ciki, amma na gas ɗin girki ba ya faɗa, domin gas ɗin ruwa ne a cikin tukunya, matsinsa ba ya sauka sosai sai ya kusa ƙarewa, shi ya sa a kan sikeli ake sayar da shi.

Sai dai ƙarfe yana gajiya, geji yana faɗuwa ƙasa, ƙurar hunturu tana shigarsa, allurar kuwa ba za ta fasa nuna lamba ba ko da ta kauce wa gaskiya. Wannan ya zama abin kula ƙwarai a yanzu da zaiba take barin asibitoci, bisa yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda Nijeriya da Binin duka suka shiga, aka sa mata sunan wani gari a Japan inda gubar zaiba daga wata masana'anta ta halaka jama'a. Matakin daidai ne, domin tururin zaiba yana ɓata ƙwaƙwalwa da ƙoda, kuma in tsohon ma'auni ya fashe ba a share ta da tsintsiya, ba a bar yara su yi wasa da ƙwayoyinta, sai a buɗe tagogi, a tattara ta da takarda mai kauri a zuba a kwalba a rufe. Amma ma'aunin allura da na batir da suka gaje ta, waɗanda har yanzu da milimitar zaiba suke magana, tilas ne a riƙa gwada su da wani ingantaccen ma'auni lokaci lokaci, na allura kamar kowane wata shida, kuma wajibi ne a kan masu kula da ɗakunan shan magani na karkara su sa wannan cikin lissafinsu kamar yadda suke sa sayen magani.

Abin da nake fata ga malaman kimiyya na makarantun Bagudo da Illo da Ka'oje shi ne kada su tsaya ga zana wannan na'ura a allo, alhali kayan haɗa ta suna kasuwa: tiyo mai haske mita huɗu, wanda faɗinsa bai gaza kaurin biro ba don kada ruwa ya riƙa manne wa jikinsa ya hau da kansa, da katako, da ƙusoshi, da ma'auni, da ruwan da aka rina da zoɓo don na bayan aji su hango. A tsayar da katakon sak da taimakon zare da tsakuwa, a kori kumfa, mai karatu ya daidaita idonsa da kan ruwan, ya karanta daga ƙasan ɗan lanƙwasar da ruwa yake yi. Bayan yara sun gwada numfashinsu, a ɗaura ledar balan-balan a bakin mazurari, a jona shi da tiyon, a riƙa tsoma shi cikin bokiti, su ga tazara tana ƙaruwa da zurfi, ko sama bakin mazurarin ya fuskanta ko gefe. Daga nan a zuba man gyaɗa a ɓangare ɗaya bisa ruwan, a auna tsayin kowanne daga layin da man ya haɗu da ruwa; za su tarar santimita 10 na man gyaɗa yana tsayawa da santimita 9 da ɗan ɗoriya na ruwa, in kuwa kananzir aka zuba, da santimita 8.